MU KOYI RUBUTU: Aya, alamar tambaya da alamar motsin rai

 

Yau zancenmu bisa wasu ƴan alamomi uku ne da ake sawa a ƙarshen magana in an rubuta ta. Su ba baƙaƙe ba ne, ba wasula ba ne, kuma ba a faɗinsu da baki. Shi ya sa da yawa cikinmu ba su kula da su. In ka duba kayen mai koyo sai ka iske baƙaƙenshi sun yi kyau, layinshi ya miƙe, amma daga sama har ƙasa babu ɗigo ko guda. In ka yi mashi magana sai ya ce ai wannan ado ne na ƴan lakkwal. To, ku saurari abin da ya faru.

Ragon da anka saida

Wani mai koyo ya ba mu labarin wanga da bakinshi, a gaban jama'a, ba ya jin kunya. Wanshi ya tafi cin rani Abijan, kamar yadda samarin Adar sunka saba. Kafin ya tafi ya bar mashi rago guda, ya ce a yi ta ba shi dussa da harawa har Sallar Layya, lokacin da raguna ke yin kuɗɗi. Ana nan sai wani baƙo daga gida ya isa Abijan, ya ce wa mai ragon ya ga kamar ragonshi a kasuwa. Hankalin mutumin ya tashi. Ya ɗauki salula ya rubuto wa ƙanenshi kalmomi uku:

ka saida ragon

Shi tambaya yake yi. Yana son ya ji ko gaskiya ne abin da anka gaya mashi. Amma bai sa wata alama ba a ƙarshe. Ƙanen ya karanta, ya ɗauka wanshi ya shiga matsi ne a can, yana ba shi umurni ya saida. Yaro mai biyayya, da gari ya waye ya ja rago sai kasuwa. Saura wata biyu Sallah, raguna ba su yi daraja ba tukuna. Ya saida shi da araha. Da labari ya kai Abijan, sai da tsohuwarsu ta shiga tsakani kafin su koma yi wa juna magana.

Wa ke da laifi? Ƙanen ya karanta daidai. Wan ya rubuta baƙaƙenshi daidai. Abu guda ne ya rasa, shi ne wagga alama: ?

Ku duba:

Ka saida ragon?
Ka saida ragon.

Kalmomin ɗaya ne. Ta farko tambaya ce, ta biyu umurni ne.

Takarda ba ta da murya

In muna magana baki da baki ba mu ruɗewa, don murya tana taimakonmu. Ku faɗi “Ruwa ya sauka” kamar kuna ba da labari. Kun ji murya ta gangara ƙasa a ƙarshe. Yanzu ku faɗe ta kamar kuna tambayar wanda ya fito daga Afala. Kun ji murya ta hau sama, kuma kun ɗan ja ƙarshen maganar. Ku sake faɗinta kamar ranar da anka yi ruwan farko bayan an daɗe ana roƙo. Nan kuma murya ta yi ƙarfi, murna ta fito.

Bayan murya akwai fuska, akwai hannu, akwai ido. Duk suna gaya wa mai saurare nufinmu. Takarda ba ta da ko ɗaya cikinsu. Saƙon salula ma haka. Don haka masu rubutu sunka shirya alamomi su tsaya a madadin murya:

Ruwa ya sauka.
Ruwa ya sauka?
Ruwa ya sauka!

Maganar da ta cika, wadda mai ji ba ya jiran wani abu kafin ya gane ta, ita ake kira jimla. “Ruwa ya sauka” jimla ce. “In ruwa ya sauka” ba ta cika ba, mai ji zai ce: sai mi? Sai an ƙara “za mu yi shuka” sannan ta zama jimla. Kowace jimla tana farawa da babban baƙi, tana ƙarewa da ɗaya cikin alamomin nan uku. Jimloli kuwa iri huɗu ne: ta bayani, ta tambaya, ta umurni, da ta motsin rai.

Aya ( . )

Aya ɗigo ne guda, yana zaune bisa layi, manne da baƙin ƙarshe. Sunan ba baƙo ba ne gare mu. Duk wanda ya yi makarantar allo ya san aya, ya san yadda malam ke sa ɗigo uku ko ɗan zobe wurin da ta ƙare. Ya san waƙafi kuma, wurin da mai karatu ke tsayawa ya ja numfashi. Daga Larabci munka samo sunayen biyu, boko ya ara su. A boko aya ita ce babbar tsayawa. Waƙafi ( , ) ƙaramar tsayawa ce a cikin jimla, ba ya rufe ta.

Aya ita ke rufe jimlar bayani, wato wadda ke ba da labari ko ke faɗin yadda abu yake:

Hatsi ya yi tsada bana.
Rijiyar gari ba ta ƙafe ba.
Motar Tawa za ta tashi da asuba.

Ita ce alamar da ta fi yawa a kowace takarda. Amfaninta babba shi ne raba magana da magana. Ku karanta wanga layi da babu aya: baba ya warke ba ya tari inna tana gaishe ka. Mai karatu zai yi tuntuɓe, ya koma baya, wataƙila ya haɗa “warke” da “ba” ya tsorata mai wasiƙar a banza. Ga shi da aya: Baba ya warke. Ba ya tari. Inna tana gaishe ka.

Ku yi hattara da ɗigon da ke cikin lissafi. In kun ga 10.000 F bisa takardar bankin cimaka, ɗigon nan ba aya ba ne. Yana raba dubbai ne, jika goma ke nan. Masu rubutu da Ingilishi, kamar a Najeriya da Gana, waƙafi suke sawa a wurin: 10,000.

Maƙwabtanmu masu jin Tamajak da sunka iya rubutun tifinag su ma sai sun lura. A rubutunsu ɗigo baƙi ne da ake karantawa. Ɗigo biyu, ɗaya bisa ɗaya, “w” ne. Ɗigo uku kamar duwatsun murhu “k” ne. A boko kuwa ɗigo ba shi da sauti ko kaɗan.

Alamar tambaya ( ? )

Nan ne za mu daɗe, don nan ne ake hasara.

Siffarta kamar lauje ne a tsaye, bakinshi yana duban hagu, da ɗigo a ƙarƙashin ƙotar. Tunda tana da ɗigonta, ba a ƙara mata aya. A littattafan Larabci na zamani za ku gan ta a juye ( ؟ ), don Larabci daga dama ake fara shi.

Tambaya iri biyu ce. Akwai wadda ke ɗauke da kalmar tambaya: wa, mi, ina, yaushe, nawa, ƙaƙa, dommi.

Wa ya buɗe garke?
Yaushe za a raba taki?
Dommi ba ku zo taro ba?

Wani zai ce waɗanga ko babu alama an gane su. Ba kullum ba. Hausa tana da kalmomin da ake rubutawa iri ɗaya alhali baki yana bambanta su. Ku dubi “ina”:

Ina gida.
Ina gida?

Ta farko mutum yana cewa yana gida. Ta biyu gaisuwa ce, yana tambayar lafiyar iyali. Haka “Ina zuwa.” da “Ina zuwa?” Ɗaya alkawali ne, ɗaya tambayar matafiyi ce. Haka “Ina aiki.” da “Ina aiki?” Sai kuma “nawa”. Mu nan Adar “nau” muke cewa ga abin da muka mallaka, amma takardun da ke zo mana daga Kano ko Damagaram “nawa” suke rubutawa. In ɗan kasuwa ya rubuto maka “Buhun nan nawa ne?” kuɗɗinshi yake tambaya. In ya rubuto “Buhun nan nawa ne.” yana cewa nashi ne, kada ka taɓa.

Iri na biyu ita ce tambayar da ake amsawa da i ko a'a. Wagga ba ta da wata kalma tata. Murya kaɗai ke nuna ta. In an rubuta ta babu lauje a ƙarshe, tambayar ta ɓace ɗungum:

An biya kuɗɗin.
An biya kuɗɗin?

Ku ɗauka sakataren ƙungiyar manoma ne ya aika wa ma'aji wanga saƙo yana tambaya, ya manta alamar. Ma'aji zai ɗauka labari ne ake ba shi, ya rubuta cikin littafi cewa an biya. Ranar lissafi sai rigima, har a kira wani ɓarawo.

Abin ya fi muni in jimlar ta fara da “ka” ko “ta”, kamar ta mai rago. A baki “ka” biyu ne. Akwai mai tsawo na abin da ya riga ya faru, akwai gajere na umurni. Tsofaffin ɗaliban karatun manya za su tuna lokacin da ake rubuta wasali mai tsawo sau biyu. Hukumar UNESCO ta tara masana a Bamako cikin shekarar 1966 don su tsara baƙaƙen harsunan Afirka ta Yamma, har da Hausa. Bayan taron nan a Nijar an riƙa rubuta “kaa saida” daban da “ka saida”. A 1980 anka yi wani taro a Yamai don rubutun Hausar Nijar da na Najeriya su zama ɗaya, daga nan anka bar ninka wasula. Rubutu ya yi sauƙi, littafin Zariya ya karantu a Tawa. Amma nauyin da wasali na biyu ke ɗauka ya koma bisa alamar ƙarshe. Duk wanda ya yar da ita ya yar da rabin maganarshi.

Ga wata dabara. Alamar tambaya tana zuwa ne a ƙarshe, mai karatu ba ya ganinta sai ya kai can. In jimla ta yi tsawo, sai ya fara ta da muryar labari, ya iske lauje, ya koma baya. Mutanen Sifen sun ga wagga wahala tun 1754, sai sunka riƙa sa alama biyu, ɗaya a kife ( ¿ ) a farko, ɗaya a ƙarshe. Mu ba mu bukatar haka, don muna da “shin”. Ku sa ta a gaba, ku sa alamar a baya:

Shin ka saida ragon?

Ko kuma ku ƙare da “ko”: Ka saida ragon, ko? Wanda ya rubuta haka, ko mai karanta mashi bai san alamomi ba, ba za a ja ragonshi kasuwa ba. A ganina duk saƙon da ya shafi kuɗɗi, dabba, gona ko aure, a sa mashi “shin”. Baƙaƙe huɗu ba su da tsada.

Akwai kuskure guda da masu himma ke yi. Da zarar sun ga kalmar “tambaya” ko “ko” sai su sa lauje. Ku duba:

Likita ya tambaye ni ko yaron yana cin abinci.

Nan ba tambaya nake yi maku ba. Labari nake ba ku cewa likita ya yi tambaya. Aya ce wurinta. In kuna shakka, ku tambayi kanku: shin ina jiran amsa daga mai karatu? In kuna jira, lauje. In ba ku jira, aya.

Umurni

Jimlar umurni ita ce wadda ke sa a yi abu ko ke hanawa. Roƙo da shawara ma cikinta suke. Ba ta da alama tata ita kaɗai. In cikin natsuwa ne, aya ake sa mata:

Ku kawo yara rigakafi ran Talata.
Kada a sare iccen da bai bushe ba.
Don Allah ka aiko mani da jika biyar.

In kuwa da gaggawa ne ko da tsawa, sai a sa alama ta uku.

Alamar motsin rai ( ! )

Ita kamar taɓarya ce a tsaye bisa ɗigo. Tana nuna an ɗaga murya, don murna, ko mamaki, ko tsoro, ko fushi, ko kira.

Wayyo Allah!
Kai, wanga rago da girma yake!
Ku fito, wuta ta kama rumbu!

Shawarata gare ku ita ce ku riƙe ta kamar barkono. Samari masu salula suna jera ta uku uku, kowane layi sai ihu. Guda ta isa. Kuma ku tuna wanda kuke rubuta wa. Ba ka shiga zauren maigari ka daka mashi tsawa. In ka rubuta wa mahaifinka “Baba, ka zo gobe!” ka ɗaga mashi murya ke nan bisa takarda. Rubuta “Baba, don Allah ka zo gobe.” Takardar koke da za a kai wa hakimi ko magajin gari ma haka, ko ranku ya ɓaci, aya ta fi.

Ingilishi da Faransanci

Wanga ilimi ba na Hausa kaɗai ba ne. Ɗiyanmu suna fara Faransanci a lakkwal, in sun shiga kwaleji su ƙara da Ingilishi. Masu zuwa Sakkwato, Legas ko Kumasi suna cin karo da takardun Ingilishi kullum. A watan Maris na 2025 sabuwar dokar ƙasa ta ce Hausa ce harshen ƙasa a Nijar, Ingilishi da Faransanci kuma harsunan aiki. Duk ukun jimlolinsu iri huɗu ne, alamomin ƙarshensu uku ne, waɗanda munka gani yanzu. Wanda ya iya su a Hausa ya iya su ko'ina. Ko ba ka jin Ingilishi, in anka miƙo maka takarda ka ga lauje a ƙarshen layi, ka san amsa ake nema gare ka, sai ka nemi mai fassara kafin ka sa hannu.

Amma akwai bambanci guda da ya kamata ku sani. Mai Ingilishi in zai yi tambaya yakan sauya zaman kalmomi. “Ya zo” a wurinshi He came ne. “Ya zo?” kuwa Did he come? ne. Kun ga wata kalma ta shigo gaba. Faransanci ma yana da irin haka: Il est venu ya koma Est-il venu ? Su kan bar ɗan fili kafin alamar, Ingilishi da Hausa ba su bari. To, mai Ingilishi ko ya manta alamar, zaman kalmominshi zai tona cewa tambaya ce. Bahaushe ba shi da wanga mataimaki. Kalmominmu ba su motsawa. Don haka alamar da anka kawo mana daga Turai ta fi yi mana aiki bisa ga waɗanda sunka ƙirƙiro ta.

In kuna karanta wa wani

A garuruwanmu wanda ya iya karatu ba don kanshi kaɗai ya iya ba. Tsohuwa za ta kawo maka salula ta ce: “Ɗana, duba mani abin da yaron nan ya rubuto.” Amana ce ta ba ka. Kada ka fara da baki. Fara da ido. Bi jimlar har ƙarshe, ga alamar da ke can, sannan ka buɗe baki da muryar da ta dace. In aya ce, sauke murya ka ja numfashi. In lauje ne, ɗaga ta. In ka iske babu alama ko guda, kuma maganar tana iya ɗaukar ma'ana biyu, gaya mata gaskiya: “Inna, wagga magana fuska biyu gare ta. Mu kira shi mu ji.” Kuɗɗin kira ba su kai na rago ba.

Aikin wanga mako

Ga wasiƙa da anka cire wa alamomi da manyan baƙaƙe. Ku kwafe ta cikin kayenku, ku maida mata su:

zuwa ga yayana bayan gaisuwa mai yawa ina gajiya ina zaman baƙunci mu nan lafiya lau muke ruwa ya sauka mun gama shuka kuɗɗin da ka aiko sun iso madalla inna tana tambaya ko za ka zo da sallah yaushe za ka taso ka sayi takin a gaida mutanen garinmu da ke nan

In kun gama, kowa ya karanta tashi da ƙarfi a gaban malam, sauran su saurari muryarshi su faɗi alamar da ya sa ba tare da sun duba ba. Akwai jimla guda a ciki da ke karɓar aya, ke karɓar alamar tambaya kuma. Ku nemo ta. Sannan ku sake rubuta ta sau biyu, sau ɗaya da “shin”, sau ɗaya da “don Allah”.